Shekarar da Salifu Ya Ara Mini Hannu

Jiya da la'asar na ji ɗayanku yana cewa aikin goro ba aiki ba ne, wai zubawa ne a leda, a tura cikin buhu, a ɗinke baki. A yadda kuke yinsa yau bai yi ƙarya ba. Mota ta tashi daga nan yau, jibi tana Kano. Mu a zamaninmu ana ɗaure goro ne don ya yi wata a hanya, ya sha rana, ya sha iska, a buɗe shi a Sakkwato a same shi kamar jiya aka ɓare shi. Tunda yau ba ciniki ake ba, ku matso ku ji.

Huhun farko da na ɗaure da hannuna bai kai Kano ba, bai ma shiga mota ba. Huhu shi ne ƙunshin goro na tafiya: ganye daga ciki, buhun algarara daga waje, igiya ta zagaye shi tamau, ɗaukarsa kuwa sai ƙato. Lokacin ina saurayi, saura 'yan shekaru ƙasar nan ta samu mulkin kai. Na gama ɗauri, na ja baya ina kallon abina, aka kira ɗan dako, wanda a nan ake ce wa kaya-kaya. Wani dogon Bamoshi, mutumin ƙasar Moshi da ke can arewa, ya zo, mai tsage a fuska, ya naɗa gammo, muka ɗora masa. Na bi shi a baya zuwa Reskos, inda lorin arewa ke lodi. Muna gangarawa wajen kasuwar Kejetiya sai na ga ƙullin ƙasa yana zamewa. Kafin in buɗe baki gindin huhun ya saki, goro ya zubo masa ta wuya, ya bi gangara, fari da ja, har ƙarƙashin teburan mata masu kifi.

Bamoshin bai yar da kayan ba. Ya durƙusa a hankali da ragowar a kansa, ya sauke, sannan ya dube ni.

"Kai ne ya daure?"

Na ce ni ne.

"To, mu tsince," ya ce. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa.

Muka yi ta bin goro ƙarƙashin ƙafafun mutane. Matan kifi suka taya mu, wasu suna zuba mana, wasu suna zubawa a bakin zanensu. Ana ta kiransa ɗaukar kaya yana ɗaga hannu alamar ba ya zuwa, har hantsi ya dubi ludayi. Ya sake ɗauka ya maido mini rumfa. A hanya na tambayi sunansa, ya ce Salifu.

Maigidana a sana'a, Baba Audu, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki goro ɗaya ya nuna mini inda ya ƙuje.

"Wanda ya taɓa ƙasa ya ji rauni, ba zai yi tafiya ba. A nan za a sayar da shi. Ƙullin ƙasa riɓi biyu ake yi, na gaya maka." Ya juya baya. "Koma ganye."

Komawa ganye ita ce komawa farko, kuma na koma.

Ni ba haifaffen nan ba ne. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina na biyo kawuna, wanda ke fataucin goro. Ya ajiye ni a gidan Alhaji Tanko a nan Zango, ya ce in jira shi ya kai kaya ya dawo. Ciwon ciki ya kama shi a hanya, can aka binne shi. Alhaji Tanko, wanda kakanninsa suka zo garin nan tun ana fatauci da jakuna, ya ba ni wani ɗan ɗaki a bayan sitonsa, ya miƙa ni ga Baba Audu. Ɗakin na mai aikin rumfa ne, ba nawa ba. Ku riƙe wannan, za ku ji amfaninsa gaba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tabarma, kwanduna, ƙaramar wuƙa, igiya, basilla ta ɗinkin buhu, da ƙwaryar ruwa ta yayyafi. Sai ganyen fita, mai faɗi, wanda shi ne ran aikin. Kaka guda cur na yi ban taɓa goro ba. Aikina in goge ganye ɗaya bayan ɗaya da tsumma, in yanke ƙashin bayansa don kada ya soki goro, in ware wanda ya yage. Ganye yana da fuska biyu, mai santsi da mai kaushi, mai santsin ce ke kallon goro. In ya jiƙe da yawa goro ya yi fumfuna. In ya bushe da yawa goro ya yamushe kamar fuskar tsohuwa. Ba wanda zai gaya maka daidai ɗin da baki, sai tafin hannunka ya koya.

Bayan ganye sai tsinta. A zube goro a tabarma, ka zauna ka miƙe ƙafa, ka bi shi ɗaya-ɗaya. Manya, marsa, gefe guda. Ƙanana, minu, gefe guda. Fari daban, ja daban. Abin da ake nema a fitar shi ne sankara, ƙwaron nan da ke cin goro daga ciki. Ƙofarsa ba ta wuce tsinin allura ba, wani lokaci ma ba ƙofa, sai dai ɗan laushi da babban yatsa zai ji in ya matsa. Guda ɗaya mai sankara in ya shiga huhu, kafin a kai Kano ya raba wa maƙwabtansa. Baba Audu yana tsinta ne idonsa na kan titi, yatsunsa na gudu, sai ka ji ƙwal, ya jefa ɗaya a kwandon shara. In ka fasa, sai ka tarar da tsutsar a kwance. Bai cika magana ba. Muna iya wuni tare abin da zai haɗa mu bai wuce "miƙo" da "ɗaga" ba. In aka yi magariba ya tafi gidansa wajen iyalinsa, ni in sayi tuwo a bakin titi in shiga ɗaki.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wani Bakano da ba ya yarda sai ya zura hannu har gindin kwando, ya ɗauko na ƙasa ya ɓara ya tauna, ya yi shiru kamar mai sauraron wa'azi, sannan ya ce a ɗaure. Akwai Zabarmawa masu son ja zalla, ko fari ɗaya suka gani sai an kwance. Akwai wanda zai ce a sa minu a tsakiya a rufe da marsa, Baba Audu ya ce masa rumfar gaba suna yi. Akwai tsofaffin mata masu sayen daushe, goron bara da ya kwana ya yi zaƙi, su kam sun fi kowa sanin goro, kuma sun fi kowa ƙorafi. Duk waɗannan baƙi ne, su zo da kaka su tafi. Ka saba da mutum, ka san tarinsa daga nesa, baɗi ka ji shiru, ba wanda zai gaya maka ko ya mutu ne ko ya sake sana'a.

Tun daga ranar Kejetiya, in akwai kaya Salifu nake kira. Wata safiya da damina ya zo jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari. Ashe a barandar wani kanti suke kwana shi da 'yan'uwansa 'yan dako, ruwa ya bugo da iska ya same su. Na je na sami Alhaji na ce ɗakina zai ɗauki tabarma biyu. Ya tambaya ko yana salla, na ce yana yi. Ya ce to. Da yamma Salifu ya zo da duk abin da ya mallaka: tabarma, gammo, buta, da wata 'yar sarewa ta kara wadda bai iya busawa ba. Tsawonsa ya fi ɗakin, sai ya kwanta a karkace, ƙafafunsa a bakin ƙofa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa, ni kuma ban san Moshanci ba. Amma muna cin abinci a kwano ɗaya, in na yi zazzaɓi shi ke ɗebo ruwa a famfo, in wuyansa ya riƙe ni ke gasa masa da tsumma.

Ta ukunmu ita ce mai kawo ganye, Mami Akosuwa, wata Batoniya, wato 'yar ƙabilar masu garin nan, da mijinta ya rasu. Daga Asokore Mampong take zuwa, lokacin ƙauye ne, daji ya zagaye shi. Takan shiga fadama ta yanko fita, ta ɗauro a ka, ta iso rumfa kafin rana ta yi zafi. Kramo take kirana, haka Tonawa ke kiran Musulmi. Wata rana ta kawo mana sakwara da miya, ta ga mun tsaya muna kallon naman, ba mu sa hannu ba. Ta rufe kwanonta ta tafi da shi. Da ta dawo zuwa na gaba sai ta buɗe kwanon a gabana, ta nuna da yatsa.

"Kramo, kifi ne. Ci."

Daga nan ba ta ƙara sa mana nama ba.

Baba Audu ya yi ta aiki har idonsa ya fara hazo, gwiwa ta ƙi naɗuwa. Ya ce zai koma Kano ya mutu a gida. Ya bar mini wuƙarsa da basillarsa, ya hau lori ya zauna a kan huhun da ni na ɗaure, ya ɗan bubbuga shi da tafin hannu, ya gyaɗa kai. Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare shi ke nan. Na zama ni ne mai rumfa, da ma'aikata 'yan ƙalilan da ke zuwa da kaka.

Shekara ta biyu da tafiyarsa ita ce mugunyar shekara. Ruwan ƙarshen damina ya ƙi ɗaukewa. Goro ya shigo daga ƙauyuka da yawa, amma a jiƙe, sankara kuwa kamar an shuka ta. Sannan kogi ya cika a Yeji, jirgin fito ya daina ƙetarar da motoci, hanyar arewa ta yanke. Lori suka yi layi a Reskos, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu. Alhaji ya riga ya sayi goro ya cika sito. Goron da ke jira ba a barinsa ya zauna: bayan 'yan kwanaki sai an zazzage, a tsince, a sake ganye, a mayar, sannan a koma kan na farko. Ma'aikatana suka ga abin ba ƙarewa, suka tafi gonakin koko ɗaya bayan ɗaya. Na rage ni kaɗai da sito guda.

A cikin haka ƙashin ganye ya soke ni a babban yatsan dama, gefen farce. Abin da ke faruwa kullum ne, na tsotse jinin na ci gaba. Kwana kaɗan yatsa ya kumbura, ya zama karkare. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: yatsa na bugawa kamar an sa masa zuciya tasa ta kansa. Kumburi ya hau har wuyan hannu, zazzaɓi ya biyo baya. Na gwada tsinta da hagu, na ga ina wuce masu sankara ina mayar da su cikin masu kyau. Igiya kuwa ko kama ta ban iya ba.

Alhaji ya shigo sito da safe, ya tsaya ya shaƙi iska. Wanda ya san goro da hanci yake fara jin ɓarna. Ya dubi hannuna da ke rataye a wuya da tsumma.

"Sannu, Haruna."

"Yauwa, Alhaji."

"Ba korarka nake ba, ka sani. Amma goro ba ya jiran hannu ya warke. An ce ruwa ya fara ja a Yeji. In hanya ta buɗe kaya ba su shirya ba, dole in ɗauko wani daga wata rumfa. Wanda na yi wa magana kuwa ya ce sai da ɗaki."

"Na ji, Alhaji."

Ba zan ce ya zalunce ni ba, dukiyarsa ce ke ruɓewa. Amma ba ni da kowa a garin nan, ba ni da wata sana'a, kuma gida ban san ko akwai wanda zai gane ni ba in na koma. Na zauna a kan kwando. Salifu yana bakin ƙofa, duk ya ji. Shi ma ba shi da aiki, tunda ba lorin da ke lodi. Ya shigo, ya ajiye gammonsa, ya zauna a tabarma ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Kai kana da ido, ni ina da hannu," ya ce. "Mu hada."

Na ce masa wannan aiki ni kaka guda na yi ina goge ganye kafin a bar ni in taɓa goro.

"To, ka yi sauri ka koya mini," ya ce.

Ranar farko ɓarnar da ya yi ta fi aikin. Ya shimfiɗa ganyen kwando guda a kife, fuska mai kaushi a ciki, sai da muka zazzage. Ya ga farin goro mai ɗan ɗigo-ɗigo ya zata ciwo ne, ya cika kwandon shara da marsa lafiyayye, na bi na tsamo da hagu. Yayyafin da na ce ya yi, sai ya kwara ruwa kamar mai ba doki wanka. Da muka zo gwada ɗauri na ce ya ja igiya da ƙarfi, ya taka huhu da ƙafa ya ja, igiya ta tsinke, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin daron ruwa. Ya zauna a ciki yana kallona, ni ina kallonsa. Na yi dariya har yatsan ya motsa, na koma ina nishi.

Matsalar ita ce sankara. Fatar yatsunsa ta yi kauri da ɗaukar kaya, ba ya jin laushin nan da ake ji. Na nuna, na sake nunawa, bai ji ba. Rana ta biyu sai na ga ya daina matsawa, yana ɗan jefa goro sama a tafin hannu yana cafewa. Ya miƙo mini ɗaya.

"Wannan ba shi da nauyi."

Na sa ya fasa da wuƙa. Tsutsa a ciki. Ya sake cafe wani, ya ce wannan ma. Aka fasa, haka ne. Mutumin da ya yi shekaru yana sanin nauyin kaya tun kafin a ɗora masa, hannunsa sikeli ne. Ba ya kama duka, wanda ƙwaron ya shiga jiya-jiya bai rage nauyi ba tukuna. Sai muka raba aiki: shi ya auna, ya turo gabana, ni in juya da hagu in duba ƙofar allura da ido. Goro ɗaya, mutum biyu. Tafiyar ba ta da sauri, amma tana tafiya.

Ganye ya ƙare mana a tsakiyar aiki, kuma Mami Akosuwa ta kwana biyu ba ta zo ba, don rafin da ke hanyarsu ya cika. Ina tunanin yadda za a yi sai Salifu ya leƙa waje ya ce, "Mami ya zo." Ga ta nan, jiƙe har ƙugu, da ɗaurin fita a ka, ƙanwarta na biye da wani. Ta sauke, ta ga hannuna, ta kama shi ta juya ba tare da ta tambaye ni ba. Ta yi wa ƙanwarta magana da Tonanci, aka sayo lemun tsami, ta huda shi ta zura yatsan a ciki. Sai da na ga taurari da rana tsaka. Ta ce gobe in ya nuna a kai ni wajen wanzami, kada in yi gardama. Daga nan ita da ƙanwarta suka zauna suka kama goge ganye, aikin da ba nasu ba, ba kuma wanda ya sa su. Suka yi ta zuwa kullum har muka gama. Washegarin sa lemun tsamin Salifu ya riƙe mini kafaɗa, wanzami ya tsaga yatsan. Abin da ya fito ba na faɗa ba ne a gaban mai cin goro.

Ranar da labari ya zo cewa jirgin Yeji ya fara aiki, muna kan ɗaurin ƙarshe. Ni ke faɗin inda igiya za ta bi, Salifu na ja, Mami na danna bakin ganye da gwiwa. Shi ya ɗaure, shi kuma ya kwashe su a kansa ɗaya-ɗaya zuwa Reskos. Kada ku zata mun ceci kayan duka. Fiye da rabi muka zubar, tsibi guda a bayan rumfa, baƙi ƙirin, ko awaki ba su kula shi ba. Alhaji ya yi asarar da bai farfaɗo daga ita ba sai bayan shekaru. Amma abin da ya tafi ya isa, wakilinsa na Kano ya aiko cewa ba laifi. Maganar ɗaki ba a ƙara tayar da ita ba. Da Salla Alhaji ya aiko mana da riguna biyu iri ɗaya, awo ɗaya. Tawa ta sauka har idon sawu, ta Salifu ta tsaya a gwiwa. Haka ya sa abarsa muka tafi Idi.

Yatsan ya warke, amma ya sandare, ga shi kuna gani, ba ya lanƙwasuwa. Na koma tsinta da na tsakiya. Na ce wa Salifu ya bar dako ya zauna a rumfa, tunda ya fara iyawa, Alhaji ma ya yarda. Ya yi kaka guda tare da ni. Ita ce kakar da na fi jin daɗin aiki a duk shekaruna, don akwai wanda za ka ce wa "duba wannan" ya duba.

Bayan kakar sai wani mutumin garinsu da ke zaune a Moshi Zango ya zo da saƙo. Wan Salifu ya rasu, tsohonsu ba ya iya noma, kuma akwai yarinyar da ke jiransa tun kafin ya taho. Ya gaya mini da rana muna cin wake da shinkafa a bakin rumfa, bai ɗago kai daga kwano ba.

"Zan tafi gida, Haruna."

"Yaushe?"

"Lorin Jumma'a."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Muka ci gaba da ci.

Na san ba a zuwa gidan surukai hannu sake. Na roƙi Alhaji marsa, ya ce in zaɓa da kaina. Na zauna na tsince fari tas, na bi kowanne sau biyu. Mami ta kawo ganyen da ta ce daga can cikin fadama ta yanko, inda rana ba ta taɓawa. Na ɗaure ƙaramin huhu wanda mutum zai iya rungumewa, na ce masa kada ya bar shi a rana, kada ya buɗe don nuna wa mutane a mota, in ganyen waje ya bushe ya ɗan yayyafa, yayyafi na ce. Ya ce ya ji. Muka raka shi Reskos ni da Mami, ta ba shi ƙunshin soyayyen kifi. Ya hau can saman kaya da huhun a cinya. Da lori ta tashi ya ɗaga hannu, ya faɗi wata magana, ƙarar inji ta hana ni ji.

Ban ƙara sa kowa a ɗakin ba. Gefen da yake kwana na riƙa ajiye ganye, don wurin yana da sanyi. Mami ta ci gaba da zuwa har ƙafa ta gaza mata, 'yarta ta karɓa, ita kuma ajiyewa take ta juya. Ran Jumma'a bayan masallaci nakan bi ta Reskos in ga motocin da suka sauko daga arewa, in tsaya kaɗan, in dawo.

Bayan kamar shekara da tafiyar Salifu wani direba mai suna Bukari, wanda ke bin hanyar ƙasar Moshi, ya zo rumfa yana tambayar Haruna mai huhu. Ya miƙo mini gwado na saƙi, fari da baƙi, mai kauri.

"Salifu ne ya tare ni a bakin hanya ya ba ni. Ya ce a gaya maka goro ya isa. Surukinsa ya buɗe a gaban jama'a, ba a yar da ko ɗaya ba. Ya ce kuma ka zo ka ga gonarsa, ka huta ko wata guda ne. Ni zan sauke ka daidai inda za ka ratse."

Lokacin goro ya fara shigowa, sito a cike. Na ce ya gaya masa ina zuwa bayan kaka.

Bayan kaka aka shiga juyin daushe. Bayan daushe damina ta sauka, hanya ta lalace. Duk sanda Bukari ya sauko sai ya leƙo ya ce, "Mutuminka na tambaya." In ce bayan kaka. Da gaske nake faɗa kowane lokaci, har na taɓa sayen takalmin tafiya. Haka muka yi shekaru. Sannan na ji Bukari shiru. Da na tambaya a tasha aka ce ya sayar da motar, ya koma garinsu, wani ya ce ma ya rasu.

A ranar na tuna ban taɓa tambayar sunan ƙauyen ba. Na san dai ana wuce garin Wahiguya, a sauka a bakin hanya, a yi tafiyar ƙafa. Na rufe rumfa da wuri na tafi Moshi Zango neman mutumin da ya kawo saƙon rasuwar wansa, aka ce ya daɗe da komawa gida. Na sami dattawa zaune a ƙofar masallaci, na gaishe su, na ce ina neman wanda ya san garin Salifu.

"Wane Salifu?" in ji babbansu.

Na ce dogo, mai tsage, da yana dako a Kejetiya.

Tsohon ya dubi na kusa da shi, ya dubi na gaba, ya yi ɗan murmushi, ba na raini ba.

"Malam, ni ma Salifu ne. Wannan ma Salifu ne. Dukanmu mun yi dako a Kejetiya. Sunan ubansa fa?"

Shi ma ban taɓa tambaya ba. Suka matsa mini wuri a tabarma, aka kawo ruwa, suka yi ta kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya ko zan ji wanda na sani. Na saurara har aka kira magariba.